Harsuna Arba'in a Jikin Ƙusa

Da sunan Wanda ya tsaga baki, ya shimfiɗa harshe a ciki, ya kewaye shi da katangar haƙora, amma bai hana shi leƙo waje ba. Ku matso, ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, mai goyo ta jijjiga goyonta, domin ni in na ɗauko zance ba na ajiye shi don kowa.

Ni ne Nomau, wanda ya je inda hanya ta ƙare, ya ɗan ƙara gaba kaɗan. Ku tambayi duk wanda ya san ni, tun da aka haife ni harshena bai taɓa yin tuntuɓe ba. Ranar da na faɗo duniya ban yi kuka ba, sallama na yi wa ungozoma, na yi mata sannu da aiki. Ranar suna liman ya sarƙe a tsakiyar addu'a, ni na ɗora masa daga cikin zane. Kuma ni ɗin nan, ni kaɗai, ba mataimaki ba mashawarci, na koya wa yaran ƙasa guda magana cikin kwana bakwai. Ga yadda aka yi.

Kun san abin da tsofaffi ke faɗa, wai ba a yin tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata, sai fa in ya kama bunun ɗaki ya ƙulla, ya ɗaure ta a wurin. To, wata ranar kasuwa, rana tsaka, ina zaune a rumfar wanzami ina jiran layi, sai na ga mutane sun yi jugum kamar masu zaman makoki. Tausayinsu ya kama ni, na buɗe baki na ba su tatsuniya, ban ƙulla komai ba. Aka yi mini aski, na kama hanyar gida. Hanyar nan da na sani kamar yunwar cikina sai ta miƙe, ta yi ta miƙewa kamar mai alewa yana jan alewarsa. Ina hango gidanmu yana ƙanƙancewa, har ya koma kamar ƙwayar gero, ya ɓace.

Kwana tara ina tafiya na isa Dajin Aku. Kowace bishiya aku dubu, kowane aku yana jiran baƙo. Na ce, "Salamu alaikum, ina hanya?" Dajin duka ya amsa, "Salamu alaikum, ina hanya?" Na ce, "Ai ni nake tambaya." Suka ce, "Ai ni nake tambaya." A gindin wata kuka na ga wani tsoho, gemu har gwiwa, ashe tun yana saurayi ya shigo, har yanzu amsa yake jira. Sai na matsa dama na raɗa wa aku ɗaya, "Ku kuka fara." Na matsa hagu na raɗa wa wani, "Ƙarya kuke." Nan take rabin daji ya kama "Ku kuka fara," ɗaya rabin ya kama "Ƙarya kuke," suka manta da mu. Na ja hannun tsohon muka fice. An ce har yau ba su sasanta ba.

Bayan dajin akwai kogi, faɗinsa tafiyar yini guda. Babu kwalekwale, sai wani tsohon kada mai furfura da ke fito da mutane a bayansa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ban da magana har a kai gaɓa. In ka ce uffan, ya nutse da kai. Jama'a, na sha wuya a duniya, amma ban taɓa shan irin ta wannan yini ba. A tsakiyar ruwa na ga kifi da rawani yana shari'a, na ga dorina tana tankaɗen gari, kuma ba damar in ce ko "kai!" Da ƙarfin zuciya kawai na daure. Hular da na cusa a baki ta ɗan taimaka, ban musa ba.

A ɗaya gaɓar na tarar da birni mai ganuwar farin dutse, ana ce masa Birnin Rataya. Mutanensa masu kirki ne, masu son baƙo, amma in suka yi magana sai ka rantse ɗanwake mai zafi ne a bakinsu. Kalma ta fito ba kai ba ƙafa. Duk abin da zan faɗa muku daga bakinsu, ni na wanke shi na goge don ku gane.

Ban san dalili ba sai washegari da safe, da na bi ta ƙofar makarantarsu. Na ga 'yan aji ɗaya, su arba'in, sun yi layi. Kowane yaro in ya zo bakin ƙofa sai ya tuɓe takalmi ya ajiye, sannan ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro harshensa sulluɓ, ya rataye a ƙusa. Ƙusa arba'in a jere a bango, kowace da sunan mai ita. Ba jini, ba zafi, haka Allah ya yi su. Suka shiga aji suka yi tsit. Malaminsu, wani dogo mai tabarau da ake kira Malam Barmo, shi kaɗai ke magana tun safe har azahar, su kuwa suna gyaɗa kai. Harsuna suna waje rana na dukansu, kafin a tashi sun bushe sun ƙandare kamar kilishi. Yaro ya mayar da nasa, ya je gida, uwarsa ta ce me aka koya yau, sai ya yi wata ƙara irin ta tsohuwar ƙofa.

Na ce, "Malam, wa ya kawo wannan tsari?"

Ya ce, "Kakan kakana. Kafin shi, aji kamar kasuwar awaki yake. Yanzu fa? Ko ƙuda ya gifta sai ka ji shi."

Na ce, "To ai ƙudan ya fi su iya magana."

Ya cire tabarau ya dube ni, ya mayar.

Daga nan na wuce teburin mai shayi. Kun san shayi da madara yadda yake sa mutum. Na ce wa jama'ar wurin, da ni aka ba yaran nan, kwana bakwai sun isa su riƙa magana tar kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Ban ƙarasa kofin ba dogarai suka dafa kafaɗata.

Sarkin garin, Sarki Bagudu, yana zaune, a gefensa mahaifiyarsa Magajiya, tsohuwa tukuf, kunnenta ya yi nauyi. Na faɗi na yi gaisuwa.

Ya ce, "Baƙo, an ce ka ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ce, amma a wurin mai shayi na ce."

Ya ce, "A garin nan maganar wurin shayi magana ce. Ka ga mahaifiyata? Shekara da shekaru ba ta ji kalma ɗaya daga bakin jikokinta ta gane ba. Kullum sai 'Me ya ce? Me ta ce?' Abin yana sa ta kuka. Na ba ka kwana bakwai ɗin da ka yanka wa kanka. Ran na bakwai za ta zauna taku arba'in daga yaran, kowane yaro ya yi magana. In ta tambayi abin da aka ce har sau uku, naka harshen za mu rataye a ƙofar gari."

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, ai namu na can ba ya zaruwa."

Ya ce, "Muna da maƙeri."

Wani ƙato a bayan fada ya ɗaga awartaki, ya yi mini murmushi. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Gwiwoyina ne dai suka yi ta gaisawa da juna.

Ran farko na ce abin da ya bushe ai jiƙa shi ake yi. Na sa aka dafa miyar kuɓewa tukunya guda, ta huce, na kwashe harsuna arba'in daga ƙusa na tsoma. Sun yi laushi, wannan gaskiya ne. Amma da aka zo ɗauka, kowa ya kama nasa sai ya suɓuce. Harsuna suka watsu a filin makaranta suna tsalle kamar tarwaɗa, yara suna bi suna ihun da ba sauti. Sai la'asar muka tattara su, kuma a gaggauce aka raba. Ɗan mahauci ya tafi gida da harshen 'yar liman, ya ƙi cin tuwo sai an yi bisimilla sau uku. 'Yar liman kuwa uwarta ta miƙa mata ƙosai, ta ce a yi mata ragi. Da safe iyaye suka zo da sanduna, aka yi musaya.

Ran na biyu na shafe su da man shanu. Ban san garin yana da kyanwoyi haka ba. Yini na yi a gindin bango da sanda ina kora, maƙerin nan ya zo wucewa ya tsaya.

Ya ce, "Sannu da aiki, baƙo. Ɗan ce 'a' in gani."

Na ce ina da uzuri.

Ran na uku na hana rataya gaba ɗaya. Na ce kowa ya shiga da harshensa, ya faɗi abin da na faɗa. Na ce, "Ba, bi, bu." Suka ce wani abu mai kama da haka. Na ce, "Ƙa, ƙi, ƙu." Muka yi ta yi har muryata ta dushe, rabinsu suka yi barci da baki buɗe. Na nuna wani na gaba na ce, "Kai, yaya sunanka?" Ya miƙe ya ce, "Kai, yaya sunanka?" Na ce a raina, Nomau, ka baro daji, ka zo ka shuka wani.

A can kusurwa akwai wata 'yar ƙarama mai kitson zane biyu, ita ko bakin ba ta buɗe ba. Na tambayi Malam Barmo.

Ya ce, "Kuluwa ke nan, jikar Magajiya ta wajen autanta. Ranar da aka kawo ta, ta faɗi sunanta a bakin ƙofa, ya fito a karkace, yara suka fashe da dariya. Tun daga ranar, da harshe da babu duk ɗaya ne a wurinta. Kuma ita Magajiya ta fi ƙaunar ji."

Na shafa maƙogwarona.

Ran na huɗu, da aka fita tara, na je na zauna a inuwar wata rumfa a bakin makaranta. Wasu za su ce tagumi na yi. Nazari nake. Mai rumfar wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai, Inna Yalwa. Da ta ce mini "Sannu, ɗan nan," sai na ɗago, domin tun da na shigo garin ban ji magana garau irin tata ba. Ashe ita ba a taɓa sa ta makaranta ba, harshenta bai san ƙusa ba.

Yara suka yanyame ta. Ta miƙa hannu ta kama bunun rumfa ta ƙulla, ta ce, "Na ɗaure ki, ba mai ɓata." Sannan ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran nan da na yini ina roƙo jiya, suka amsa da ƙarfi har man kasko ya girgiza.

Tatsuniyar wani ɗan tsako ce, mai kwaɗayi, wanda ya ga ƙararrawa 'yar mitsitsiya a ƙasa, ya ɗauka tsaba ce, ya haɗiye. Tun daga nan duk inda ya taka sai ta kaɗa, muzuru kuwa yana jin sa ko ina ya ɓuya. Yana gudu yana waƙa:

Ƙararrawa a cikina,
Ta ƙi tsit, ta ƙi ɓoyo,
Ɗan tsako ɗan tsurut,
Tsalle ɗaya, ƙararrau!

Tana cikin bayarwa sai ta tsaya, ta dafe goshi. "Af, tsufa! Me ma ya haɗiye? Taɓarya ce ko?"

Yara suka yi ca, kowa na faɗa, abin ya fito a dame.

Ta kara hannu a kunne. "Ban ji ba, mai yana ƙara. Turmi kuka ce?"

Suka sake, suka sake, har wani mai ƙaton kai ya daddage ya ce, "Ƙararrawa!" tar, kamar an buga ta. Ta ce, "Yawwa, Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini." Ta ci gaba. Ba ta yi nisa ba ta sake mantuwa. Tsohuwar nan na ƙirga, sau goma sha ɗaya ta yi mantuwa kafin a koma aji, kuma duk a kan kalma mai wuya take yin ta.

Da yara suka tafi na gyara murya na ce, "Inna, wannan dabara ai irin tamu ce ta can. Ita nake shirin fitowa da ita."

Ta ce, "To madalla, ɗan nan. Kuɓewar fa?"

Na ce, "Share fage ne."

"Man shanun fa?"

"Shi ma share fage ne."

Ta juya ƙosai ta ce, "Fagen ya sharu. Ni dai abin da na gyara in sun ɗauko harsunansu a tara, da sun koma sun rataye, kafin azahar rana ta busar da shi. Shekara talatin ke nan. Ka samo mini yini guda da su, ka gani."

Nan take na naɗa ta mai riƙe mini murya, domin tawa ta dushe, kamar yadda na gaya muku. Na kwaso aji ɗungurungum na kawo rumfarta. Malam Barmo ya biyo mu yana cewa kakan kakansa zai tashi daga kabari. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, muna neman muzuru, ga ka da gashin baki." Ya ce shi malami ne, ba abin wasa ba. Kafin azahar yana rarrafe a ƙasa, tabarau a karkace, yana "miyau," yara suna ta kururuwa suna ɓuya a bayan juna.

Ran na biyar da na shida haka muka yi. Ina cewa muka, domin ni ke sa ido. Wanda "tsako" ya gagara, sai Inna ta jefa ƙullu a mai ta ce, "Ji abin da kasko ya ce. Tsss! To kai ma ce." Wanda "ɓoyo" ya gagara, ta ba shi gyaɗa ya ɓare, ɓas, ya faɗa tare da ita. Wajen ƙararrawa kuwa sai ta sa su kama hannun juna su yi da'ira, kowa ya zama ƙararrawa, a ga wanda tasa za ta fi daɗewa tana kaɗawa. Yau wannan ne ɗan tsako, an jima wancan. Wanda ya yi kuskure ba ta ce masa ya yi kuskure, sai dai ta ce kunnenta ne, ya taimaka ya sake. Ni kuma ina gefe ina duba ingancin ƙosai, domin abin da yara za su ci dole babba ya ɗanɗana.

Kuluwa ce dai har yanzu shiru. Tana zaune dab da Inna, idonta a bakin tsohuwar. In muzuru ya matso kusa da ɗan tsako sai ta damƙe zanen Inna, leɓɓanta suna motsi, amma ba sauti. Na ce, "Inna, a matsa mata mana, gobe ne fa." Ta ce, "Ci ƙosanka, ɗan nan."

Ran na bakwai gari duka ya taru a ƙofar fada. Aka auna taku arba'in, aka ajiye wa Magajiya kujera. Na zo da Inna a bayana, Sarki ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Baƙo ne ya yi alkawari, baƙo zai tsaya. Tsohuwa ta koma cikin jama'a."

Maƙeri kuwa ya kafa zuga-zuginsa a gefena, wai don kada a ɓata lokaci.

Na ƙulla bunun rumfar fada, wannan karon ƙulli biyu. Na buɗe tatsuniya, yara suka amsa. Ina bayarwa ina nuna su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya faɗi abin da ɗan tsako ya ce wa akuya, wancan ya faɗi abin da akuya ta ce masa, wata ta ja waƙa, saura su amsa. Kalmomi suna tashi suna haye taku arba'in suna faɗawa kunnen Magajiya, tana gyaɗa kai, tana dariya da bakin da ba haƙori. Iyaye mata suka fara guɗa.

A yaro na goma sha bakwai ta ce, "Me ya ce?" Ba laifinsa ba ne, haƙoransa na gaba ne suka faɗi shekaranjiya, iska ke fita ta giɓin. A na talatin da ɗaya wani jaki ya ga dama ya yi kuka, ta ce, "Me ta ce?" Biyu ke nan. Maƙeri ya ƙara gawayi.

Talatin da tara suka wuce. Saura Kuluwa, saura ƙarshen tatsuniya. Na nuna ta na ce, "To, Kuluwa, da muzuru ya rutsa ɗan tsako a lungu, sai me?" Ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Na sake tambaya. Shiru. Awartaki ya yi ƙas a gefen kunnena.

Na ce bari in ɗan ja labarin da kaina ko ta kama. Na buɗe baki na ce, "Sai mu... mu... muzu... sai mu-mu..." Wasu da ke wurin sun ce in'ina ce. Ba in'ina ba ce, salo ne, don a ja hankalin mai sauraro. Sai dai akwai wata 'yar matsala, ban san ƙarshen tatsuniyar ba. Duk lokacin da Inna ta kawo wurin, daidai nan ake kwashe ƙosai daga wuta, hankalina yana wajen aiki. Na duba cikin jama'a, ban hango ta ba. Gumi ya jiƙa mini riga. Na rufe ido na ce, "Sai muzuru ya cafke ɗan tsako ya cinye. Shi ke nan."

Har maƙeri ya tsayar da zuga-zugi.

"Ƙarya ne!"

Muryar ta fito siririya, mai kaifi, ta tsaga filin nan biyu. Kuluwa ce a tsaye, ta dunƙule hannu, idonta cike da hawaye.

Ta ce, "Bai cinye shi ba! Ɗan tsako tsalle ya yi ta taga ya faɗa makaranta. Ya yi ta tsalle, ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, yara suka ɗauka an tashi, suka fito a guje. Muzuru ya ga ƙafafu ɗari sun nufo shi, ya haura katanga, ya bar rabin wutsiyarsa a ƙaya. Tun daga ranar ɗan tsako ne ke kaɗa musu tashi, suna ba shi tsaba. Kai ba ka iya ba!"

Sannan ta ja waƙar ita kaɗai, daga farko har "ƙararrau," ba ta ci ko harafi ɗaya ba.

Duk ido ya koma kan Magajiya. Tsohuwa ta share hawaye da gefen mayafi, ta buɗe hannuwa, Kuluwa ta ruga ta faɗa jikinta. Can ta ɗago ta ce, "Jikata na ji ta sarai, kowace kalma. Amma shi wancan mai rawar gwiwa, me ya ce?"

Maƙeri ya ce, "Uku!" Ya taho.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba! Yara aka ce, ni kuwa da gemuna!"

Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce, "Maƙeri, tun da ka ɗora wuta, kada aikinka ya tafi a banza. Je ka makaranta ka zare ƙusoshin nan arba'in." Aka ɗunguma aka tafi, yara a gaba suna waƙa, Malam Barmo da kansa yana riƙe wa maƙeri guduma. Da ƙusoshin aka ƙera wa Inna Yalwa sabon matsamin ƙosai, aka ba ta kujera a cikin aji. Na bar mata wannan girma, domin ni ba mai son a san aikina ba ne. Kuskuren da na yi a ƙarshen tatsuniya kuwa, kowa mai hankali ya san da gangan na yi. Da damina ta kawo kai Sarki ya haɗa ni da wata shamuwa mai zuwa wajenmu, na hau bayanta, ta sauke ni a kan kukar ƙofar gidanmu, da harshena cif a bakina.

Wannan hikaya na ba da ita a wurare da yawa, ba wanda ya taɓa cewa tak. Sai ran Talatar da ta wuce, da malamar 'yan aji ɗaya ta firamaren unguwarmu ta roƙe ni in zo in ba yaranta. Muka zauna a gindin darbejiya, na kawo daidai wurin shamuwar nan, yara sun saki baki. Ban lura ba ashe yayata Tabawa, wadda ke sayar da awara a bakin makarantar, ta ajiye tirenta tana saurare.

Ta ce, "Nomau, ka ji tsoron Allah."

Na ce, "Yaya, ana darasi."

Ta ce, "Darasin gidanku. Malama, wannan Inna Yalwa da yake faɗa, Goggo Ladingo ce, ƙanwar babanmu, mai ƙosai, Allah ya jiƙanta. Ɗan tsakon nata ne, waƙar tata ce, mantuwar ma tata ce. Shi ko kogin bayan gari bai taɓa hayewa ba. Yara, kuna son ku ga Kuluwa?"

Suka ce, "Eee!"

Ta nuna ni da cokalin yaji. "Ga ta nan zaune da furfura a gemu. Yana shekara bakwai ya faɗi sunansa a aji, aka yi masa dariya, ya kulle baki shekara guda cur. Babu abin da ba a yi ba. Ran nan Goggo ta kashe ɗan tsakon da gangan, sai ga wannan ya miƙe yana kuka yana 'Ƙarya ne!' Ni ina wurin, ni ke riƙe da ƙullu. Tun ranar da ta buɗe bakin nan har yau ba mu samu mai rufe shi ba."

Yara suka kwanta a ƙasa don dariya, malama ta rufe fuska da littafi.

Na ce, "Yaya, kin tsufa, abubuwa sun fara cakuɗe miki."

Ta ce, "Na yarda. To faɗi ƙararrawa sau uku da sauri, in ji."

Na gyara hula, na gyara zama, na buɗe baki. Sai Allah ya taimake ni aka kaɗa ƙararrawa ta gaske, aka tashi. Yara suka kwashi jakunkuna suka watse, ni ma na bi sahu da ɗan sauri, suna ɗago mini hannu ta ko'ina.

"Sai an jima, Baba Kuluwa!"